Turmin Inna da Ƙodar Sambo

"Wai ni Innar yara, in wagga ƙoda ta ƙi shi, mayar wa mai ita za a yi?"

Habsu tana duƙe tana wanke daɓen ɗakin mijinta lokacin da tambayar ta tsallako zana ta same ta. Muryar Goggo Rakiya ce, ƙanwar marigayi surukinta, wadda ta iso daga Bukkuyum da hantsi. 

"Rufa mini asiri, Rakiya!" in ji Inna, uwar mijin. "Ni ma abin da ya hana ni sakewa ke nan. Likita da bakinshi ya ce jiki na iya ƙin ta. Mi ka sa abu ya ƙi mutum in ba an ba da shi da rabin zuciya ba? Ni na tilasta wa Sambo ya ba wanshi. Ga gonar ubansu da anka sayar. Tun da munka dawo Anka ba ya dariya."

"Ai shi ya sa na taho da sassaƙen sulhu. A daka, a jiƙa, ya sha. Ƙoda da jiki su shirya, a huta da sayen ƙwayoyin ga masu cin gida."

 Habsu ma tana wurin lokacin da likitan ya yi maganar. Karatunta bai wuce firamare ba, amma ta kasa kunne. Ba zancen zuciya yake yi ba. Cewa ya yi jiki yana ɗaukar sabuwar ƙoda a matsayin baƙuwa, ƙwayoyin ne ke hana shi yaƙar ta, kuma mijinta Lirwanu zai sha su har ƙarshen ransa. Ban da maganin gargajiya ko kaɗan. Ban da ƙurar dutsen zinare, wadda gubar dalmar cikinta ce ta kashe masa ƙodojin farko.

Don haka ta riga shi dawowa daga asibiti. Ta sa an sake daɓen ɗaki, ta ware masa kofi da filas na tafasasshen ruwa, ta sayar da ɗan kunnenta ta kafa masa teburin cajin waya a zaure, tunda shi da ramin zinaren Abare sun yi bankwana. Sannan ta gangara da tsohon turmin gidan bayan rumbu ta kife shi. A cikinsa Lirwanu ya yi shekaru yana dakan dutse, har cikinsa ya yi wani irin toka-toka mai ƙyalli da ba ya wankuwa.

Da la'asar sai ta ji lugude. Ta leƙo — ga turmin a tsakar gida, Goggo na kirɓa jan sassaƙe a ciki!

Habsu ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa. "Inna... wannan turmin, an ce yana da guba."

"An ce? Wa ya ce?" Inna ta miƙe. "Turmin aurena! Da shi na yi furar da ta raya mijinki. Ke ɗiyar jiya za ki koya mini rainon ɗan da na haifa?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Likita ne..."

"Likita ya yi nashi, ya karɓi gona. Yanzu mu za mu yi namu. In ba ki so ya tashi, faɗa mini, motar Gummi ba ta ƙare ba, ki koma gidanku!"

Habsu ta koma ɗaki ta toshe baki da mayafi ta yi kuka mai isarta.

Washegari aka kawo Lirwanu, ya rame, da takunkumi a fuska, yana tafiya yana dafa ciki. Sai da masu sannu suka ragu ta samu ta zauna gefen gadonsa.

"Madam, irin wannan gyara haka? Na ɗauka otal anka kawo ni," ya ce yana murmushi. Sai ya ga idanunta. "Mi ya faru?"

Ta gaya masa komai cikin raɗa. Murmushin ya gushe. 

"Habsu, Inna ta sayar da shanunta saboda ni. Ta durƙusa wa ƙanena saboda ni. Da wane baki zan ce mata ba ni sha? Sau ɗaya dai... filis, kar ki sa ni tsakiya."

"In sau ɗayan ne ya..." Ta kasa ƙarasawa.

"Allah na nan," ya ce, ya juya fuska bango.

Da safe Inna ta tace jiƙon a ƙwarya, ja wur, ƙasansa da wani laka-laka. Don kunya ba ta shiga ɗakin ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, saboda haka Habsu ta miƙa wa.

"Kai wa wancan. Ki tsaya ya shanye."

Tsakanin madafa da ɗakin akwai lungun rumbu. Habsu ta tsaya a nan. Ba ta taɓa saɓa wa babba ba tun da take. Ta runtse ido ta fara tuttular da jiƙon a gindin katanga.

"Matar Yaya!"

Ta kusa sakin ƙwaryar. Sambo ne tsaye a bakin lungun, hannunsa dafe da gefen da aka yanka. Fuskarsa ba annuri. Da can shi ne abokin wasanta, kullum yana tsokanarta wai miyarta ba gishiri, amma tun bayan aikin gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Yana ɗaga murya, aurenta ya ƙare.

Ya matso ya leƙa ƙwaryar. "A wane turmi anka daka shi?"

Ta nuna da ido. Ya dubi turmin, ya dube ta.

"To mi kike jira? Zubar da sauran! Ƙodata ce a ciki hwa. Kin san azabar da na sha kahin a ciro ta?"

Hawaye suka zubo mata. "Sun ce ba da son ranka ka bayar ba."

"Ni? Tun kahin Inna ta buɗe baki na je anka gwada jinina. Ciwo ka hana ni dariya, malama, in na yi sai ɗinkin ya ja. Jeki kar ta biyo sawu."

Ta ɗauraye ƙwaryar sosai, ta zuba ruwan bunu, jan shayin da ba madara, daga wani filas, ta shiga. Lirwanu ya yi bisimilla ya kafa kai. Da ya sauke sai ya tsura mata ido, ya daɗe. Ya gane ba jiƙon ba ne. Ya miƙa hannu ta zuba masa ƙwayoyinsa, ya riƙe yatsunta bai saki da wuri ba.

Kashegari gidan ya tashi da salati. Turmi ya ɓace, har da ƙullin sassaƙen! Inna ta yi ta kuka tana Allah ya isa ga ɓarayin zamani, Goggo ta koma Bukkuyum tana cewa ko sau ɗayan ma ya wadatar.

Da aka koma asibiti awo, likita ya ce ƙodar tana aiki lafiya lau. Inna ta yi guɗa, ta kira Habsu ta sa mata albarka a gaban kowa, ta ce da hannunta aka sha maganin. Haƙuri bai hana ta kare ran mijinta ba, kare ran mijinta kuma bai sa ta ɗaga wa uwarsa murya ba; mace mai hankali tana iya riƙe duka biyun.

Amma hankalinta bai gama kwanciya ba. Goggo za ta sake zuwa, sassaƙe bai ƙare a daji ba, ƙwayoyin wata mai zuwa kuma sai abin da teburin caji ya kawo. Ranar da take shanya ta ga Sambo yana wanke jar lakar tsohon ramin haƙa daga takalmansa. Ta gane inda turmin ya kwana.

"Habsu!" Inna ta ƙwala mata kira daga rumfa. "Ke da ba abin da ke wuce idonki, ba ki ga wanda ya ɗauki turmina ba?"

Habsu ta matse rigar Lirwanu, ta shanya ta a igiya, ta gyara mata wuya.

"Allah ya mayar miki da alheri, Inna," ta ce a hankali.

A ranta kuwa ta riga ta yanke: ko Lirwanu, ko innarta ta Gummi, babu wanda zai ji wannan daga bakinta.