Rawanin Maidawa a Kasuwar Lolo

Wanda ya fara kawo wasan kwaikwayo marar rubutu kasuwar Lolo shi ne Bunyaminu ɗan Kurgu, cikin kakar 1964, shekara huɗu bayan samun mulkin kai. Ya zo ne tare da malaminsu na jami'a da ɗalibai bakwai. Ƙa'idarsu ita ce su shiga gari su saurari jama'a, su ƙulla wasa daga abin da suka ji, kuma mai kallon da ya ga an kauce yana da ikon tsayar da su ya gyara.

A rumfar Maidawa mai gishiri ya fara ganin 'yarsa Asama'u. Tambaya ɗaya ta kawo shi, ya yi goma.

"Kai ɗan boko," in ji ta, "gishiri kaka saye, ko ƙidayar mutane anka aiko ka?"

"Labari nika nema, 'Yar Baba."

"Wa yab ba ka sunan ga?"

"Kasuwa duka. Ni dai na riƙe shi."

Kwana shida yana zarya. A na bakwai ta faɗa masa abin da ita kaɗai ta gani: yadda jandarman Dahome suka tsare mahaifinta a bakin iyaka, kan hanyar da kakanninsa suka bi ba takarda, suka kwance masa rawani suna bincike.

Bunyaminu ya kai labarin wurin gwaji, ya ce a sauya suna da sana'a, aka sauya. Amma Lauwali, ɗalibin da shi ma idonsa ke kan Asama'u, shi ya fito a matsayin tsohon. Ranar kasuwa ya zo da ɗingishin Maidawa da tarinsa, yana rawar jiki yana roƙon jandarma. Kasuwa ta ɓarke da dariya, ana nuna rumfar gishiri.

Maidawa ya aika wa dattawan Kurgu, waɗanda ke shirin nema wa Bunyaminu Asama'u, kada su kawo goron neman aure. Lauwali kuwa ya shaida wa Asama'u cewa farautar labari kaɗai ta kai Bunyaminu gare ta.

Bunyaminu ya kasa zaune, ya kasa tsaye. Ya je bakin Kwara ya dawo, ya sake komawa. Daga bisani ya rubuta takarda da ajami ya ba gwaggonta:

"'Yar Baba, amana kika ba ni na kai kasuwa. Laifin nawa ne. Labari na zo nema, amma ke na samu."

Amsa ta zo washegari:

"Ban yahe ba tukuna. Baba bai roƙi kowa ba rannan, tsaye yake. In kana sona, gari ya san haka."

Ya tafi ya tuɓe takalma ya durƙusa gaban Maidawa. "Baba, mun yi kure. A wurinmu mai abu shi ka gyara abinai. Ka taho ka gyara muna."

"Ni? In shiga hili kamar ɗan kama? Tashi ka ba ni wuri."

Kasuwa ta zagayo. Malaminsu ya janye Lauwali, Bunyaminu ya ɗauki matsayin tsohon. Da aka kai inda ake kwance rawani sai ya tsaya cik, domin bai san abin da ya biyo baya ba. Jama'a suka fara guna-guni.

"Ba haka anka yi ba!"

Maidawa ne ya keto taro. Ya karɓe rawanin, ya naɗa a tsanake, ya zuba wa mai kayan jandarma ido.

"Takardarku jiya taz zo. Kabarin uwata na can tsallake. Kauce."

Ɗalibin ya kauce tun kafin ya tuna wasa ake yi. Sai guɗa ta tashi daga wajen rumfar gishiri.

Maidawa ya juyo. "Kai ɗan Kurgu, ko naɗi ba ka iya ba. Ce ma manyanka su taho Jumma'a."

An ɗaura auren a Lolo bayan ƙaramar Salla, limami ya yi addu'a, jama'a suka shafa. Ga abin da aka samu. Ɗalibai sun koma da wasa ɗaya, wanda suka nuna a Matsinkai da Bagudo da garuruwa tara, da sabuwar ƙa'ida cewa ba a fitar da labari sai mai shi ya gani ya yarda. Maidawa ya riƙe girmansa. Bunyaminu ya sami Asama'u, da 'ya'ya shida, da zaman shekara arba'in da ɗaya, Allah ya ƙara albarka. Cikin shekarun nan kaf, ba ta sake ba shi sirri ba sai ta sa ya rantse tukuna.