Gaisuwar Gbenro

Rana na shirin faɗuwa Iya Tisa, tsohuwar malamar makaranta, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki lemarta, ta nufi tsohon injin katako na bayan garin Oke-Isan. Tun tana koyarwa ba ta taɓa barin laifi ya kwana ba, balle wannan. Da safe ta tarar an tone kabarin mijinta, Baba Oyelaran, da ke ƙofar gida. Ba a bar mata ko ƙashi ɗaya ba.

Kowa ya san aikin 'Yan Gafiya ne, ƙungiyar asirin da ke rikici da 'Yan Ungulu kan wa zai mallaki garuruwan yankin. Ungulu sun cinye Odo-Eri bara, yanzu Oke-Isan ake ja. Kowa kuma ya san shugaban Gafiya shi ne Gbenro, wanda Iya Tisa ta koya wa riƙe alli.

Tun daga nesa wari ya tare ta. Jiƙaƙƙiyar dusar katako, tsamin bammi, da wani abu kamar naman da ya kwana a rana. Ƙudaje sun yi baƙi a ƙofa. Ta toshe hanci ta shiga.

Samari ne jere a kan gungume, kowa cikin babbar riga duk da zafin da ake yi. Gbenro ya miƙe.

"Iya, sannu da zuwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Me ya kawo ki?"

"Ka fi ni sani, ƙazami. Ka dawo min da mijina, ka rufe kabarin da hannunka, sannan ka ba ni haƙuri a gaban unguwa."

"Iya, ki koma gida."

"A tsaye kake gaishe ni? Kai da na share wa majina da haɓar zanina? Kwanta!"

Samarin suka dubi juna. Amma ɗan Oke-Isan ba ya ƙin gaida tsohuwa, ko shi waye. Ya kwanta rub da ciki a cikin dusa.

Rigar ta zame zuwa wuyansa.

Akwai abu manne a bayansa. Ƙasusuwan mutum ne har da ƙoƙon kai, haƙarƙarin masu launin ƙasa, sun nutse cikin naman yaron kamar kaska a kunnen kare. Ruwa rawaya na tsatsowa ta inda suka shiga. Tsutsotsi na kai da komo.

Ƙoƙon kan ya juyo a hankali. Ga wushiryar da ta sani.

"Morenike," in ji ƙoƙon kan. Ba mai kiranta da wannan suna sai mutum ɗaya, mijinta. "Sun ce mu matattu mu muka san lungunan garin. Mu ke nuna musu hanya."

Ta ja da baya.

"Tafi," in ji muryar. "Na ji suna tambayar shekarunki."

A kan gungumen, riguna suka fara motsi, duk da masu su ba su motsa ba.

Ta yar da lemar. Ta ruga ta cikin gonar rogo, ƙaya na yagar ƙafarta, wani ƙwas-ƙwas na biye da ita har bakin kwalta.

Kwana ta yi tana wanke hannu, ko da yake ba ta taɓa kome ba. Amma hakki hakki ne. Ranar zaman fada ta sa farin leshi ta tafi kai ƙara gaban Kabiyesi, sarkin garin, ta shirya maganarta tsaf.

Tana durƙushe tana jiran a ba ta dama, manyan gari suka shigo cikin riguna masu aiki, suka zube rub da ciki suna gaisuwa. Ta dubi bayansu ɗaya bayan ɗaya. Kowace riga da tudu a ƙarƙashinta, kowane tudu yana numfashi.

Ta ɗaga kai wajen Kabiyesi. A bakin kujera yake zaune, bai jingina ba.

"Iya Tisa," ya ce, yana korar ƙuda da wutsiyar doki. "Muna jin ki."