Allo Goma Sha Takwas da Idon Toivo

Ranar da Nestor Villalobos ya fara shigowa ɗan gidan tarihin jiragen ruwa na garinmu, ƙanƙara ba ta saki bakin Tafkin Superior ba tukuna. Ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa, haƙoransa na haɗuwa, sanye da wata riga wadda ƙila a garinsu El Paso mai zafi ta amsa sunan rigar sanyi.

Ilona Rautio, mai kula da hotuna da finafinan gidan, ta ɗago kai ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai haɗa allunan?"

"Ni ne, in yatsuna sun dawo hayyacinsu."

"Wa ya turo ka nan da wannan 'yar sharar?"

"Kamfani. Cewa suka yi sanyi ya kusa ƙarewa."

"Sun cuce ka, bawan Allah. Zauna."

Ta zuba masa kofi, ta yanko masa burodin pulla mai zaƙi. Ya riƙe kofin da hannu biyu yana kallonta ta cikin tururi, har ya manta bai ce na gode ba.

Aikin da ya kawo shi ba ƙarami ba ne. Allon talabijin goma sha takwas za a jera, shida-shida layi uku, su zama bango guda. Bayan kowane allo akwai ɗan akwati mai lambarsa. Kwamfuta ɗaya ce za ta yanka hoto gida goma sha takwas, ta aika wa kowane akwati rabonsa ta waya, duka a ƙiftawar ido ɗaya. Ilona ce ta zana tsarin, ta rubuta lambobin a takarda. Nestor kuma yana can bayan bango, cikin wani siririn lungu, shi da wayoyinsa.

Kwamitin gidan sun ɗauka don 'yan yawon buɗe ido Ilona ta nace a yi bangon. Ba ta gaya musu sauran ba. Mahaifinta Toivo ya shekara arba'in yana riƙe da sitiyarin manyan jiragen da ke ɗaukar ƙasar ƙarfe, kuma ya ɗauki tafkin a fim daga tagarsa. A cikin fim ɗin akwai Marja, mahaifiyar Ilona, tsaye a bakin gaɓa tana ɗaga hannu. Ta rasu Ilona na da shekara tara. Yanzu idon Toivo yana mutuwa daga tsakiya; ƙaramin hoto ya daina gani, likita kuma bai yi alkawarin komai ba bayan wannan shekarar.

Sati biyu suka yi suna hira da bango a tsakaninsu, ba mai ganin wani. Ana cewa so daga ido yake farawa. Ni dai na ga wanda ya girma ta kunne.

"Mutumin bayan bango, kana raye?"

"Ina raye, Gimbiyar gaba. Muryarki ce ke ɗumama lungun nan."

"Ƙarya. Hita na sa maka."

Da yamma ya turo mata saƙo: "Na yi aiki a gari talatin, ban taɓa jan ƙafa ba sai a nan. Yau da gangan na ɗaure waya ɗaya sau uku."

Ta amsa: "Zan kai ƙararka kamfani. Amma sai ka zo ka ci kifi a gidanmu ranar Asabar."

Toivo ya karɓe shi ba yabo ba fallasa. Sai da aka cinye kifin ya juyo da gefen fuskarsa, don ta gefen ido yake gani.

"Yaro, sati nawa kake yi a gari?"

"Uku, Baba. Wani lokaci huɗu."

"Sannan ka ƙara gaba."

"Haka aikin yake."

"Na san irinsa. Haka na yi wa uwarta. Shekara ashirin tana tsaye a bakin ruwa tana ɗaga wa bayan jirgi hannu. 'Yata ba za ta gaji wannan tsayuwar ba."

"Baba!" in ji Ilona.

"Na gama magana."

Can sai ga Curtis Nyberg, ɗan mai shagon kayan kwale-kwale, da tawul a wuya. Tun yana yaro yake shiga ɗakin tururi, inda ake wankan gumi, da Toivo kowace Asabar, kuma duk garin sun gama ɗaura masa aure da Ilona, ita kaɗai ce ba a tambaya ba. A wurinmu, wanda dattijo ya kira ɗakin tururinsa ya zama ɗan gida. Toivo ya tashi suka fita su biyu. Nestor ya zauna yana taya Ilona wanke kwanuka.

Ranar Laraba da hantsi aka yi gwajin farko. Ilona ta zaunar da mahaifinta a kujera dab da bangon. Curtis ya zo, wai taya murna. Ta danna.

Jirgi ya fito a yanke gunduwa-gunduwa, hancinsa na karo da bayansa. Da aka zo kan Marja, rabin fuskarta na dama ya koma hagu, hannun da take ɗagawa yana can wani gefe shi kaɗai.

Toivo ya juya kai nan, ya juya can. "Me ake nunawa? Ban ga komai ba sai tarkace."

Curtis ya yi tsaki. "Aikin mai sauri ke nan. Ilona, bai gaya miki ba? Direban kamfaninsu ya ce Jumma'a ake jiransa wani aikin a garin Phoenix."

Ilona ta kashe bangon, ta fita ba ta dubi kowa ba.

Saƙonta ya sami Nestor a lungu: "Fuskar uwata ce ka yayyanka. Da ka ce mini hankalinka ya riga ya tafi, da na nemi wani."

Ya amsa: "Na bi takardarki lamba bayan lamba. Na duba sau huɗu. Ban ce ke ce ba, amma ba ni ba ne."

"To ni ce ke nan."

Daga nan kowa ya koma kan aikinsa. Ita ta duba zanenta, daidai yake. Shi ya duba wayoyinsa, daidai suke. Babu faɗan da ya kai wannan wuyar kashewa, wanda kowa ke da gaskiya.

Washegari da safe Toivo ya zo da sandarsa, wai ya manta hularsa. Ya tarar da su sun dasa daga inda suka tsaya, ita a gaba, shi a baya.

"Lamba ɗaya tana sama daga hagu! Ko yaron firamare ya san hagu!"

"A hagu na sa ta, Hajiya mai zane! Ga ta ina kallonta!"

Tsohon ya tsaya cak. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Ke, da kika ƙirga, ina kike tsaye?"

"Nan, gaban bango."

"Kai fa, yaro?"

Sai wata ƙaramar murya ta fito daga lungu: "A baya, Baba."

"Sakarkaru biyu masu digiri! Kuna fuskantar juna, hagunta ai damanka ne. Don me kuke tsammani ba ma cewa hagu da dama a jirgi? Ɓangaren jar fitila muke da shi, da ɓangaren koriya. Ko ina ka juya, jar tana inda take."

Nestor ya fito, ƙura har gira. Bai kare kansa ba. Ya ciro tef ja da kore daga jaka ya miƙa wa tsohon.

"Baba, nuna mini inda jar take."

Toivo ya karɓa. Ya lalubi ƙarshen bangon ya manna ja, ya taka zuwa ɗaya ƙarshen ya manna kore. Ilona ta zagaya baya, karo na farko, ta ga lungun da mutumin nan ya yi sati uku a durƙushe. Ta riƙe masa fitila yana sauya lambobin akwatunan ɗaya bayan ɗaya.

"Phoenix fa?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Tun Litinin na ce musu su tura wani. Ofishin tashar jirage na neman mai kula da allunansu, na kai takarduna. So nake sai bangon ya tashi in gaya miki, kada in zo wa Baba da baki kawai."

"Kai dai wallahi..." Ta ƙara matso masa da fitilar.

Suka fito. Ta danna.

Na sha ganin tafkin nan, a gabansa aka haife ni, amma ban taɓa ganinsa kamar yadda ya buɗe a ɗakin nan ba. Ruwa daga wannan kusurwa zuwa waccan, rana na fitowa daga cikinsa ja wur, hancin jirgi na tsaga hazo a hankali. Wani tsuntsu ya shigo ta ɓangaren ja, ya ratsa allo shida bai yi tuntuɓe ba, ya fice ta kore. Siraran baƙaƙen layukan da ke tsakanin allunan ma sai suka zama kamar firam ɗin taga.

Toivo ya miƙe tsaye. Hannayensa suka ɗago da kansu, suka kama sitiyarin da babu shi.

"Tagata ce," ya ce. "Wannan tagata ce."

Gaɓa ta matso. Ga Marja cikin jar riga, iska na wasa da gashinta, fuskarta ta fi tsayin mutum. Tsohon ya karkata kai yana neman ta da gefen idonsa, har ya same ta.

"Dariya take yi," ya ce. "Ilona, uwarki dariya take yi. Shekara da shekaru ina tuna ta tana kuka a wurin nan."

"Dawowarka ce ka ɗauka, Baba, ba tafiya ba."

Ya ɗaga hannu ya mayar mata da gaisuwar. Sau uku aka maimaita masa fim ɗin. A na ukun ya goge fuska da hular da ya ce ya manta, wadda tun shigowarsa tana aljihunsa.

"Yaro, na ji abin da ka ce a bayan bango. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Da gaske zama za ka yi?"

"In kun karɓe ni, Baba."

"Kana da tawul?"

"Tawul?"

"Asabar ƙarfe huɗu. In ka suma, ba ruwana."

Bai suma ba, ko da yake Curtis, wanda ya yi ta ƙara ruwa a kan duwatsun zafi na ɗakin tururi da gayya, ya rantse saura kaɗan. Daga baya Curtis ɗin ne ya ba su aron kwale-kwalen da ya kai amarya.

A watan Yuli aka ɗaura auren a bakin gaɓar nan da Marja ta tsaya. Mahaifiyar Nestor ta zo daga El Paso da tukunyar tamale, dafaffen ƙullin masara na garinsu, da rigunan sanyi uku, ba ta yarda da Yulinmu ba. Ilona ta maƙala jan fure a gashinta, ango ya sa koren ganye a aljihun kwat.

Toivo ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana fiye da ku. In kun yi saɓani, kafin kowa ya rantse, ya zagaya ya ga inda ɗan'uwansa yake tsaye."

Muka ce amin. Can cikin tafki wani jirgi ya yi doguwar busa, tsohon ya juya gefen idonsa wajen ruwa yana murmushi.