Silin Injiniya

Magariba ta kawo jiki, gida ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar guduma daga ɗakin Auta. Ubanta ne, wanda maƙwabta ke kira Injiniya don tsokana, shi kuwa gogan yake amsawa har da gyara tsayuwa. Tun da ya gaji tsohon gidan nan ya rantse ba kafintan da zai taka shi. Ba ga waya ba, ba ga bidiyo ba? Ya kankare ƙofofi ya mayar da su a karkace, sai an sa kafaɗa suke rufuwa. A ɗakin 'yar tasa ya zare wani baƙin katako da ya ratsa rufin, wai ya yi muni, ya lafta sabon silin mai nauyi, ya rataya ƙatuwar fitila mai rassa daidai saman gadonta.

Yana buga ƙusar ƙarshe dutse ya faɗo tsakiyar ɗakin, tim. Babu taga a buɗe.

Daga ranar, kullum rana ta yi ja sai jifa, kuma a ɗakin nan kaɗai. Bayan jifar sai wata murya can sama, mai nishi kamar ta ɗan dako: "Ku fita." Injiniya ya ce hassadar maƙwabta ce. Matarsa ta kwashe yarinyar zuwa ɗakinta, ya je ya dawo da ita, wai don a kwana aka gyara ɗaki. Kai, wauta ba ta da magani.

Wata magariba uwar ta leƙa, ta tarar da Auta tsaye a kan gado, hannuwa biyu a sama kamar mai tallabe da kaya, gumi na tsiyaya, idanu sun kafe. Aka ja hannun, ko gezau.

"Baban Auta," ta ce, "ko ka kira Malam, ko in fita da ihu."

Malam ya zo, dattijo marar yawan magana. Ya zauna bakin ƙofa ya daɗe yana karatu, har bakin yarinyar ya buɗe da muryar da ba tata ba.

"Sassauta, Malam. Hannuna ba a sake yake ba."

"Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"A rufin nan nake tun kakan wannan sakaran. Yarinyar ba ta yi min komai ba, ita kaɗai ke sallama in za ta shigo. Shi ya zare katakon da ke ɗauke da rufin. Tun ranar ni ke riƙe da shi. Na yi jifa, na yi magana, kunnen ƙashi gare shi. Na gaji."

Injiniya ya yi tsaki. "Malam, ƙarya yake. Silin nan da hannuna na..."

"Shi ya sa," in ji muryar.

Malam ya ce, "Sai ka fita daga jikinta."

"Ko ba ka ce ba. Wa zai zauna a ƙarƙashin aikin wannan? Amma da sharaɗi. A fitar da ita tukuna, kuma ya ajiye gudumar nan a gabanka."

Injiniya ya ƙanƙame gudumarsa yana hararar kowa. Matar ba ta jira shi ba, ta sungumi 'yarta a sandare ta yi waje, Malam ya ja shi da riga. Suna kaiwa tsakar gida Auta ta yi atishawa, hannuwanta suka zube, ta ce, "Mama, kafaɗata."

Sai rugugi. Ƙura ta turnuƙe ƙofar ɗakin.

Da ta lafa suka leƙa. Silin duk ya rufto, ƙarfen fitilar ya huda matashin Auta ya nutse cikin katifa.

Injiniya ya buɗe baki, ya fara, "Ai ƙusoshin ne ba su..." Ba wanda ya ko dube shi. Auta ce kawai ta ga gudumar a hannunsa, ta koma bayan uwarta ta ɓuya.