Kalkuletar da Jabiru Ya Kawo

Hayaƙin bandar kifi ya cika tsakar gidan Malam Ɗangana da ke Yelwa, har idanun Barakatu suna ruwa. Sai dai ba hayaƙin ne kaɗai ya jawo haka ba. Tun da aka sauko daga sallar la'asar take zaune a kan tabarma, littafin lissafi buɗe a cinyarta, ta kasa wuce tambaya ɗaya.

"Ke wai karatu kike, ko gadin littafin aka ba ki?" in ji mahaifiyarta, Inna Dudu, tana juya kifi a kan waya.

"Inna, fomula ce ke ba ni wahala. In na hardace ta da safe, kafin azahar ta gudu."

"Ki ɗaure ta da igiya mana, kamar akuyarmu."

Barakatu ba ta yi dariya ba. Saura sati uku a yi jarrabawar gwaji, wadda ɗalibai ke kira mok, bayanta kuma babbar jarrabawar gama sakandare. Duk sauran darussa tana taɓukawa, lissafi ne ya tsaya mata a wuya. Kuma a kansa aurenta ya rataya. Lokacin da dangin Jabiru suka kawo goron tambaya, mahaifinta ya karɓa da hannu biyu, amma ya gindaya sharaɗi: ba za a sa rana ba sai ɗiyarsa ta ci jarrabawa, har da lissafi. Malam Ɗangana masunci ne, bai taɓa shiga aji ba, ya kuma ƙudura cewa Barakatu za ta fita da takarda mai kyau.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure. Inna ta dube ta ta gefen ido.

"Tashi, ga makanikenki nan ya zo. Ki share hawayen, kar ya ce yunwa muke bar ki da ita."

Jabiru gyaran injin jirgin ruwa yake yi a bakin ruwa. Daga aji uku na sakandare ya bar makaranta, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya kama sana'a don ya riƙe gidansu. Yana tsaye a zaure da wata leda a hannu, sai murmushi yake yi kamar wanda aka yi wa bushara.

"Gimbiyar Yauri, rufe idonki."

"Ni ba yarinya ba ce. Mine ne?"

"Na je Kontagora sayen kayan gyara. Na ce wa mai shago ya ba ni kalkuleta wadda ta fi kowace, ta 'yan jami'a. Na ce matata ce za ta yi jarrabawa."

"Tun yaushe na zama matarka?"

"Tun a shagon."

Ta buɗe kwalin. Kalkuleta ce baƙa, mai faɗin fuska da maɓallai birjik. Nan take Barakatu ta gane ta. Malamin lissafinsu, Malam Yohanna, ya taɓa ɗaga guda biyu a gaban aji. Ya ce ƙaramar, wadda lissafi kawai take yi, an yarda a shiga da ita. Babbar kuwa, irin wannan, tana iya ajiye rubutu a cikinta, don haka an hana ta, wanda aka kama da ita ya yi satar amsa.

Ta buɗe baki za ta faɗa. Sai ta dubi hannayensa, baƙin mai ya zauna a ƙasan farata, ta dubi yadda yake jiran ta yaba. Ta ji ba za ta iya ce masa bai san abin da ya saya ba.

"Ta yi kyau ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

Da farko ta ce a gida kawai za ta riƙa amfani da ita. Tana da tsohuwar ƙarama, wadda maɓallinta na bakwai sai an danna da ƙarfi, da ita za ta shiga jarrabawa. Kwana uku tana latse-latse har ta gano yadda ake ajiye rubutu. Ta sa fomula ɗaya don gwaji. Ta sa ta biyu, ta ce don bita ne. Kafin sati ya zagayo, fomula goma sha biyu suna kwance a ciki. Ranar mok da safe ta tsaya gaban akwatinta, ta ɗauki ƙaramar, ta ajiye. Ta ɗauki babbar ta tura cikin hijabi.

Ba ta ma kai ga buɗe ta ba. Kafin a raba takarda, Malam Yohanna ya bi tebur-tebur yana duba kayan kowa. Da ya iso kanta ya ce ta fito da kalkuletarta, ya karɓa, ya danna wurare biyu, ya tsaya yana karantawa. Ajin ya yi tsit. Bai ɗaga murya ba.

"Barakatu Ɗangana, biyo ni ofis."

Ta fi son a ce ya zage ta. Ta bi bayansa, idanun 'yan aji arba'in a kanta.

Aka aika kiran mahaifinta. Daga ruwa ya taho, ƙafar wandonsa a jiƙe, ya zauna a gefen kujera a gaban firinsifal yana riƙe da hularsa. Aka yi masa bayani sau biyu kafin ya gane. Ya juyo a hankali.

"Wa ya ba ki wagga aba?"

"Jabiru ne, Baba."

"Da rubutun a ciki ya ba ki ita?"

Nan ne wurin. Kalma ɗaya ake nema. Ta dubi furfurarsa, ta dubi ruwan da ke ɗiga daga wandonsa kan simintin ofis, ta ji in ta ce ita ce, ƙasa ma ba za ta karɓe ta ba. Ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa.

Tunda gwaji ne ba babbar jarrabawar ba, makaranta ta soke mata takardar lissafi, aka ba ta sharar harabar aji na sati biyu, aka riƙe kalkuletar. A gida kuwa abin ya fi haka. Washegari Malam Ɗangana ya sa ƙanwarsa, Gwaggo Balaraba, ta tattara kayan toshi, atamfa da turare da takalma, ta mayar gidan su Jabiru. Gwaggo Balaraba ba ta iya riƙe magana. Kafin ta isa, rabin kasuwar kifi sun ji labari.

Da yamma Jabiru ya zo da kansa. Barakatu ta laɓe bayan katangar zaure tana jin komai.

"Na ɗauke ka ɗa," in ji Malam Ɗangana. "Shekara arba'in ina cikin ruwa, ban taɓa ɗaga komar wani ba. Kai don kana gaggawar aure, ka koya wa ɗiyata sata?"

"Wace sata, Baba?"

"Amsoshin da ka zuba cikin na'urar. Ita da kanta ta ce da su ka kawo ta."

Barakatu ta danne bakinta da hijabi. Ta san Jabiru ko kunna abin bai iya ba. Yanzu zai faɗa, kuma kowa zai yarda da shi.

"Ita ta faɗi haka?"

"Ita."

"To, Baba, ni na sayo ta. Ba don na kawo ba, da ba a yi haka ba. A yi mini aikin gafara."

"Kada ka sake tako mini ƙofar gida."

Ta ji ƙarar takalmansa yana fita. Bai ko waiwayi ƙofar cikin gida ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Barakatu ta daina cin abinci sai an matsa mata. Inna ta ɗauka soyayya ce, tana rarrashinta tana cewa, "Ki gode Allah da halinsa ya fito tun ba a ɗaura ba." Kowane rarrashi kamar ana zuba mata barkono a miki. Gwaggo Balaraba kuma kullum da sabon labari: wai a bakin ruwa yanzu Farfesa ake kiran Jabiru, wai masu jirgi biyu sun janye injinsu daga wurinsa sun ce wanda ya cuci makaranta zai cuce su, wai uwarsa ta daina zuwa suna da biki don kunya. Barakatu ta yi ta cewa gobe za ta faɗa. Goben ta zo sau goma sha takwas.

Ranar Alhamis bayan an tashi, Malam Yohanna ya tsayar da ita. Ya ciro kalkuletar daga aljihun teburinsa, ya ajiye littafin aikinta kusa da ita.

"Na ji an kori wani yaro daga gidanku saboda wannan."

Ya kunna kalkuletar, ya juyo da fuskarta wajen Barakatu.

"Dubi nan. Wanda ya sa rubutun nan ya musanya fomular faɗin da'ira da ta kewayenta. Yanzu dubi littafinki." Ya buɗe shafi uku daban-daban, ko'ina jan biro ya zagaye wuri guda. "Tun kina aji huɗu nake gyara miki wannan. Ɗalibi ɗaya ne a ajina yake yin wannan kuskuren, kuma ba makanike ba ne."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Malam, za ka faɗa wa Baba?"

"Da zan faɗa, da na faɗa tun ranar. Wannan aikin bakinki ne, ɗiyata. Abin da zan ƙara kawai: ko da ban kama ki ba, da kin kwafa kin faɗi. Abin da kika sa mata shi za ta mayar miki. Ki zo lasin ranar Asabar da ƙaramarki, mu fara daga da'ira."

Safiyar Juma'a Malam Ɗangana yana ƙarƙashin dalbejiya yana ɗinke komarsa, Inna tana wanke tukwane. Barakatu ta zo ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ina da magana."

"Ina ji."

"Jabiru bai sa komai a cikin kalkuletar ba. Bai ma san an hana irinta ba. Ni na sani, na ƙi faɗa masa. Ni na sa rubutun da hannuna, ni na shiga da ita. Da ka tambaye ni a ofis, na ji kunyarka, na ɗora masa."

Tukunyar da ke hannun Inna ta suɓuce. "Barakatu! Ina nan ina zagin ɗan mutane safe da yamma, kina kallona?"

Malam Ɗangana ya ƙarasa ƙullin da yake yi, ya cije zaren, ya ajiye komar. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Kin ji kunyata, ba ki ji ta Allah ba. Kin sa na kira maraya ɓarawo a zaurena, ya ce a gafarce shi." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Sa hijabinki. A cikin mutane aka ɓata shi, a cikin mutane za a wanke shi."

Tafiyar daga gida zuwa bakin ruwa ba ta da nisa, amma Barakatu ba ta taɓa yin mai tsawonta ba. Jiragen safe sun iso, masu sayen kifi sun yi cincirindo. Jabiru yana durƙushe gaban wani inji da ya warware a kan buhu. Da ya gan su ya miƙe da sauri yana goge hannu a wando.

Malam Ɗangana ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji.

"Jama'a, ku shaida. Na zargi wanga yaro da abin da bai yi ba. Ɗiyata ce ta yi, ga ta nan, ta faɗa da bakinta. Jabiru, ni dattijo ne, amma na zo roƙon gafararka."

"Subhanallahi, Baba, don Allah ka bari. Wallahi ya wuce."

"Bai wuce ba sai ita ta roƙa."

Mutane suka ja baya kaɗan, ba don sun daina saurare ba. Barakatu ta kasa ɗaga kai.

"Ka yafe mini, Jabiru."

Ya daɗe yana juya sifana a hannunsa.

"Maganar Baba ba ta yi mini zafi ba, Barakatu. Uba ne. Taki ce ta yi. Kullum in na ji takun mutum a bayana sai in ce ke ce kin aiko. Kwana goma sha tara."

"Na sani. Ni ma na ƙirga."

"Da kin ce mini ba irinta ake so ba, da na mayar an canza. Kin ɗauka zan ji haushi don an ce ban sani ba? Ai ban sani ba ɗin ne."

Ta fashe da kuka. Ya dubi mahaifinta, ya dube ta.

"Na yafe. Je ki yi karatu. Ni dai ina nan inda kika bar ni."

Sati biyar da suka rage, Barakatu ba ta tsallake lasin ko ɗaya ba. Ta rubuta fomulolin a kwali ta manna jikin bangon ɗakin girki, tana karantawa tana tuƙa tuwo, har Inna ta fara riga ta faɗin wasu. Ranar jarrabawa ta shiga da ƙaramar kalkuleta, ta ɗora ta a fili kan tebur tun kafin a nema.

Da sakamako ya fito, kiredit ta samu a lissafi, na can ƙarshe, wanda da kaɗan ya tsallake. Malam Ɗangana ya sa aka karanta masa takardar sau uku. Ya ce Gwaggo Balaraba, tunda ita ta mayar da kayan toshi, ita za ta je ta faɗa wa uwar Jabiru su zo a sa rana bayan an yanke shinkafa. Wannan karon ma ta bi ta kasuwa, kuma ba wanda ya hana ta.

Kunyar minti ɗaya Barakatu ta guje wa a ofis, sai ta kwana goma sha tara a cikinta, ta kuma ɗora wa wanda ya fi kowa sonta. 'Yan'uwana matasa, in kun yi kuskure ku amsa shi tun yana naku ku kaɗai. Ba kowa ne zai samu mai haƙurin Jabiru ba, wanda zai tsaya a rana da laifin da ba nasa ba, yana jiran ku buɗe baki.