Eriyar Rayis Hedi

Har yau in Ulfa ta ga jan ƙarfe ya yi tsanwa saboda gishirin teku, sai ta tuna ranar da ta shiga shagon Nizar mai gyaran famfo a kasuwar Mahdiya, garinsu na bakin teku.

"Bututun jan ƙarfe nake so, santimita ɗari da talatin da bakwai. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Nizar ya yi murmushi. "Famfon gidan sarki ne?"

"Eriya ce. Ka yanka ko in karɓi zarton."

Ya yanka, ta auna, ta ga ya rage, ta mayar masa. Sai daga baya ya amsa cewa da gangan ya yi, don ta daɗe a shagon.

Mahaifinta, Rayis Hedi (Rayis suke ce wa kyaftin ɗin jirgin ruwa), shekara arba'in ya yi yana kamun kifi kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Tun daga nan dariya ta ƙaurace masa. Kullum yana rungume da oba-obar jirginsa, wadda daga gida ba ta kamo komai sai shuuu. Ulfa ta karanta lantarki a jami'a, maƙwabta suna ta cewa wa zai auri mai sukundireba. Ita kuwa ta rantse sai ta dawo wa tsohon da muryoyin abokansa.

Sati biyu tana aunawa, Nizar yana liƙe gaɓoɓin da dalma. Da yamma sai saƙo ya shigo: "Injiniyata, yau ma na rage rabin santimita. Ki zo ki yi faɗa."

Ta mayar: "Mai zarto, ka ji tsoron Allah. Ina tafe."

Amma da Nizar ya aiko manyansa neman aurenta, Rayis Hedi ya juya fuska bango. Shi ɗan abokinsa, mai jirgi, yake so mata.

"Wanda bai taɓa amai a teku ba, ba zai auri 'yata ba."

"Baba, ni ma ban taɓa ba."

"Ke an haife ki da gishiri a jini."

Ranar da za a kafa eriyar, Nizar bai zo ba, wayarsa a kashe. Ulfa ta haɗiye hawaye. Ashe magana ɗaya ta isa ta kore shi? Ta hau soro ita kaɗai, iska tana fizgar mayafinta, ta ɗaure bututun, ta sauko da wayar eriyar har gadon mahaifinta, ta jona ta da oba-obar.

Shuuu ɗin ya yanke. Muryar tsohon amininsa, Rayis Salah, ta cika ɗakin, da dariyar masunta a bayanta.

"Jama'a, wa zai kai wa Hedi saƙo? Muna da mai gyaran famfo a jirgi, tun asuba yake ciyar da kifi da karin kumallonsa. Ya ce a shaida!"

Kafaɗar tsohon ta fara rawa. Dariya ce, ta farko a shekara uku. Ya danna maɓallin da hannunsa mai lafiya.

"Salah, tsohon banza, ina jin ka. Sau nawa ya yi?"

"Hedi! Kai ne? Wallahi sau bakwai!"

"Ya isa. Ku dawo min da surukina da rai."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, aka ci kuskus da kifi, jirage suna ta busa ƙaho a gaɓa. Rayis Hedi ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah Ya sa ku riƙa jin juna, ko da teku ta shiga tsakani."

Tsohon ya rasu tuni. Eriyar tana nan a soro, kuma Ulfa ba ta yarda kowa ya goge tsanwar ba.