Gidan Da Za A Ɗauko Amarya

Ranar da Mubina ta fara ganin Zayyanu, ba ta da ƙarfin ganin kowa. Shekara guda ke nan da ƙirƙiro Jihar Kebbi, an kwaso ma'aikata daga Sakkwato an zube su a Birnin Kebbi, ofis ɗaya mutum tara, kujera huɗu. Ita ce mai buga tafireta, tafiretar kuma ɗaya ce tal, don haka duk mai takarda a kanta yake tsayawa. Kafin azahar yatsunta sun yi tsami, bayanta ya riƙe.

Shi kaɗai ne bai tsaya mata a ka ba. Malamin sakandare ne, ya zo karɓar takardar canjin wurin aiki, ya samu benci a baranda ya buɗe wani tsohon littafin Turanci marar bango. Kwana uku yana zuwa yana zama. A na ukun ta ɗaga kai ta ga ƙato da gemunsa yana share ido da hannun riga.

"Malam, in don takardar ga na, yi haƙuri, yanzu za ni buga ta."

"Ba don takarda ba na," in ji shi. "Wata mata ta rasu."

"Inna lillahi! Ina?"

"Shafi na ɗari biyu da goma."

Dariyar da Mubina ta yi ita ce ta farko a wannan makon. Ya karɓi takardarsa, ya bar mata littafin aro, ya ce zai dawo karɓa. Wanda ya bar littafi a hannun budurwa dai kowa ya san ba littafin zai dawo karɓa ba.

Labarin wata mata ce mai zaman kanta a wani birnin Turai, wadda masu hannu da shuni ke ajiyewa. Ta haɗu da wani saurayi ta so shi so na gaskiya. Danginsa suka roƙe ta ta rabu da shi don sunan gidansu, ta amince, ta bar shi yana zaton ta ci amanarsa, ciwo ya kwantar da ita, ta mutu babu kowa a kanta. Mubina ta karance shi cikin kwana biyar da ƙamus a gefe. Ba ta yi kuka ba. Tsoro ne ya kama ta, irin na wanda ya ji baƙo yana ba da labarin cikin gidansu.

"Kin ga sadaukarwa ko?" Zayyanu ya tambaye ta ranar da ya dawo. "Ta ba da rayuwarta don shi."

"Ni ban ga sadaukarwa ba. Gajiya na gani. Ta gaji da roƙon mutane su yafe mata, shi ya sa da anka ce tahi, sai ta tahi."

Ya ce, "Sarauniyar tafireta, shekara huɗu ina karanta littafin ga, ban taɓa ganin haka ba."

"Kai namiji na, Malam ƙarami. Saurayin kake bi, ba ita ba."

Daga nan ya zama kowace Juma'a yana raka ta tasha in za ta gida Argungu. Ya saya mata rake, ya riƙe mata jaka, su tsaya a inuwa har mota ta cika. Wani lokaci ma ba sa magana, don dukansu a gajiye suke, shi da aji mai ɗalibai saba'in, ita da tafireta. Mubina ta gane tana son shi ne ranar da ta lura a gabansa kaɗai take iya yin hamma ba ta ji kunya ba.

Da ya ce zai turo magabatansa, sai ta ce ya tsaya ya ji.

Mahaifiyarta, Inna Baiwa, bayan mutuwar aurenta na fari ta bi duniya. Shekara shida ta yi a Ibadan tana zaman kanta. Ta dawo Argungu ta tuba, ta auri wani masunci mai suna Ɗankure, ta haifi Mubina, ya rasu ya bar su. Da bandar kifi ta yi wa 'yarta makaranta. Shekara ashirin da bakwai ke nan da tubarta, amma a kasuwa har yau in an ce Baiwa sai wani ya ce wace, a ce ta Ibadan.

"Kin ƙare?" in ji Zayyanu. "To ni ban ji abin da zai hana ni ba."

Ta yarda da shi. Sai dai ba shi kaɗai ne a gidansu ba.

Mahaifinsa, Malam Abdussamadu na Gwadangaji, malami ne mai zaure, ana zuwa ɗaukar karatu wurinsa daga nesa. Aka tura ƙanwarsa, Gwaggo Laure, bincike Argungu kamar yadda aka saba. Hantsi ɗaya a rumfar masu kifi ya ishe ta. Ta dawo da labari har da ƙari, ga kuma 'yarta Rumaisa da ta daɗe tana yi wa Zayyanu tanadinta.

Malam bai ce a'a ba. Ya san yarinya ta cikin aure ce, ya san hukuncin wanda ya tuba, shi yake karantar da shi. Amma bai ce e ba. Wata bakwai ana ja, ana kai ana komo, har aka samo abin da Gwaggo ta kira maslaha. Za a yi auren, amma a ɗaura shi a Gulma, gidan ƙanen mahaifin Mubina, daga can kuma a ɗauko amarya. Kada motar Gwadangaji ta tsaya a ƙofar Baiwa, kada a ambace ta.

Zayyanu ne ya kawo maganar, a tasha, idonsa ya faɗa, ya rame.

"Mubina, wuni ɗaya na hwa. Wuni ɗaya, mu huta. Bayan nan ni da kaina za ni kai ki wurin Inna duk sati."

Ta karɓi jakarta daga hannunsa ta shiga mota. Ta san gajiya ce ta yi magana a bakinsa, amma sanin bai rage zafin ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai a gida ta same shi. Inna tana tsakar gida tana juya kifi a kan waya, hayaƙi ya sa idonta ja, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Na aika masu na yarda. Gulma ma gidanku na."

"Inna, wa ya tambaye ni?"

"Ɗiyata, ni na gaji. Shekara nawa ina jin sunan ga. In don ni za ki rasa yaron kirki, mi na tsinta?"

Mubina ta tsaya tana kallon bayan uwarta. Ga shi nan dai, abin da ta karanta da ƙamus a gefe, yana juya kifi a gabanta. An ce tafi, za ta tafi.

Ranar Litinin da aka tashi aiki ta zauna ta buga wasiƙa, ta ba direban motar Gwadangaji.

"Malam ƙarami, ina gaisuwa. Ina son ka, ba zan ɓoye ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa na samu wani ba don ka tsane ni. Amma a ɗakin da aka haife ni za a ɗauko ni, ko kuma a bar ni a cikinsa. Uwata ta yarda a ɓoye ta. Ni ban yarda ba. In ya gagara, na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Mubina."

Kwana tara shiru. Ta rinƙa buga takardun mutane tana kuskure, tana gogewa, har shugaban ofis ya tambaye ta ko zazzaɓi take yi. A na goma amsa ta zo, da biro, rubutun a karkace.

"Sarauniyata, na ji kunyar abin da na faɗa a tasha. Na kai wa Baba wasiƙarki ya karanta da kansa. Na ce masa an yi bincike a bakin 'yan kasuwa, ba a yi a bakin liman da maƙwabta ba, kuma shi ya koya mini ba a yanke hukunci da shaidar gefe ɗaya. Kwatancen unguwarku kawai ya tambaya. Ban san abin da zai yi ba. Ni dai ina nan. Zayyanu."

Asabar ɗin da ta biyo, Mubina tana gida, wata maƙwabciyarsu ta rasu wajen haihuwa da hantsi. Kafin kuka ya gama tashi an aiko kiran Inna Baiwa. Ba sabon abu ba ne. Tun da tsohuwar mai wankan gawar unguwar ta rasu, shekara goma sha tara, duk macen da ta cika a unguwar nan Baiwa ce ke wanke ta, ta yi mata sutura, ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar goro ba, ba a kuma taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin wata ba. Mubina ta saba da abin har ba ta taɓa tunanin faɗa wa Zayyanu ba.

Inna ta sauke kifinta daga wuta, ta yi alwala, ta ɗauki mayafi. Mubina ta bi ta da ganyen magarya a ƙwarya.

A ƙofar gidan rasuwar maza sun cika tabarmi. Kusa da liman akwai wani baƙon dattijo mai farin rawani da siririyar fuska. Ko ba a faɗa ba, hancin Zayyanu ne da goshinsa. Mubina ta gane mahaifinsa ne.

Ta ji baƙon yana tambaya, "Mi aka jira?"

"Baiwa muka jira," in ji liman. "Ga ta nan ma ta iso. Ku ba ta hanya."

Maza suka janye ƙafafunsu. Mijin mamaciyar ya taso yana kuka ya durƙusa a gabanta. "Inna, ga ta nan, amana."

Inna ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta shige. Ba ta san wane ne baƙon ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, aka yi sallama a ƙofar gidansu. Mubina ta shimfiɗa tabarma a zaure. Inna ta zauna daga bayan ƙofa. Da ta ji sunan mai sallamar, ba ta jira tambaya ba.

"Malam, abin da anka hwaɗa maka gaskiya na, duka. Kuma na riga na aika, Gulma ta yi."

Malam Abdussamadu ya ɗago kai ya ce:

"Malama Baiwa, na zo in tambayi liman halinki, sai ban samu abin tambaya ba. Mutanen da sunka san ki ciki da waje, ke suka miƙa wa matattunsu. Ni da na zo jiya-jiya, ni za ni ce ƙofarki ba ta isa a tsaya ba? Shekara talatin ina karantar da babin tuba, yau na ga ban gama karanta shi ba." Ya gyara rawaninsa. "Ina neman ɗiyarki ga ɗana. Nan za a ɗaura, nan za a ɗauka, in kin ba mu."

Mubina ta leƙa ta ga Inna ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Tun da take ba ta taɓa ganin uwarta tana kuka ba, ko ranar rasuwar babanta.

Gwaggo Laure ta yi fushinta na wata biyu, ta ce ba da ita ba, sannan ta zo, don ba a taɓa biki a danginsu babu ita ba, kuma ba za a fara daga na Zayyanu ba. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Baiwa. Baffan Mubina ya zo daga Gulma ya yi walicci, liman ya yi addu'a, masunta suka kawo kifi har ya yi yawa. Motoci uku na Gwadangaji suka tsaya a layin da rana tsaka, kowa yana gani.

Zayyanu ya samu ya aiko mata 'yar takarda ta hannun ƙawarta: "Sarauniyata, an shafa fatiha. Ki huta, na huta."

Da la'asar aka zo wankan amarya. An tanadi wata tsohuwa, amma Mubina ta ce Inna take so. Mata suka kalli juna. Uwa ba ta yin wannan, balle ga 'yar fari, ita ɓuya take yi.

"Ke, rufa mini asiri," in ji Inna daga ƙuryar ɗaki. "Hannuna na matattu na."

"Shi nika so, Inna."

Sai Gwaggo Laure, da ba wanda ya zata, ta ce, "To ku ba su wuri mana, rana tana yi."

Inna ta zuba mata ruwan a hankali, daga dama zuwa hagu, yadda hannunta ya saba. Ta shafa mata turare, ta lulluɓe ta da zane, ta kamo hannunta har bakin zaure, inda mata ke jira da guɗa. A nan ta tsaya.

"Allah ya yi maki albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa ki tsufa ɗakinki," ta ce. Sai ta matso kusa da kunnenta. "Mata da yawa na wanke na rako bakin ƙofa, ba wadda ta dawo ta gaishe ni. Ke ki riƙa dawowa."

"Za ni riƙa dawowa, Inna."

Aka ɗauki guɗa, aka shigar da amarya mota. Baiwa ba ta koma ciki ta ɓuya ba. Ta tsaya a ƙofar gidanta, a gaban mutanen Gwadangaji da na Argungu, tana amsa barka da sunanta.